Amsoshin Tambayoyinku: Gwamnati Biyu a Ƙasa Ɗaya, Wacce Ce ta Gaskiya?

Tambaya: Daga Jajimaji nake rubutowa, a Ƙaramar Hukumar Karasuwa. Gardama ta kaure a majalisarmu kan Sudan, inda aka ce yanzu gwamnati biyu ce. Mu dai mun taso muna jin ba a sarki biyu a gari ɗaya. Yaya ake gane ta gaskiya, kuma wa ke yanke wannan hukunci? An taɓa yin haka a ƙasar nan?

Amsa: An taɓa yi, kuma ba nesa da ku ba. Amma bari mu fara da abin da ya haɗa ku musu.

Yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin ƙasar, ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan, da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, wato Hemedti. Burhan ya kwashe gwamnati zuwa Port Sudan a bakin Bahar Maliya, ya naɗa Kamil Idris firaminista a Mayun 2025. A Yulin shekarar RSF da ƙawayenta suka shelanta tasu gwamnatin, mai mazauni a Nyala cikin Darfur. Tarayyar Afirka da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi watsi da ita. To, a takarda dai ta Burhan ce gwamnati. Sai dai takarda ba ta kashe wannan magana, kuma tarihin Borno zai nuna maka dalili.

Nguru ce mazaunin Galadiman Borno, mai tsaron yammacin daular, kuma ta wannan ɓangaren wutar jihadi ta fara kama Borno. A 1808 mayaƙan Gwani Muktar suka ci Birnin Gazargamu, wanda kangonsa ke gabas da Geidam har yau. Sarkin Borno, Mai Ahmad, ya fita da gudu, ya sauka ya bar wa ɗansa Dunama. Dunama ya rasa yadda zai yi, sai ya nemi taimakon wani malami mai jama'a, Muhammad al-Amin al-Kanemi, wanda muka fi sani da Shehu Laminu. Aka ƙwato birnin, aka sake rasa shi, daga baya fadar Mai ta koma Birnin Kafela kusa da Tafkin Chadi. A 1814 Shehu ya gina nasa garin, Kukawa.

Daga nan Borno ta zama mai fada biyu. Mai yana da suna da tarihin gidan Saifawa, wanda ya haura shekara 700 a kan mulki. Shehu yana da dawakai da mayaƙan Kanembu da Larabawan Shuwa, kuma wurinsa ake kai ƙara. Turawan Ingila da suka iso a 1823, Denham da Clapperton, sun ga abin da idonsu. An kai su gaisuwa gaban Mai, yana zaune a bayan wani shinge, fadawa kewaye da manyan rawuna da riguna a kan riguna. Amma duk wata magana ta hanya ko tsaro ko izinin wucewa, a Kukawa aka yanke ta.

Me ya hana Shehu Laminu sauke Mai ya hau, tunda ƙarfi na hannunsa? Ya san abin da ba shi da shi. Ba jinin sarauta ba ne, kuma talakan Borno bai san wani sarki ba sai Mai. Don haka har ya rasu a 1837 bai ɗauki sunan Mai ba. Ya bar wa Saifawa sunan, ya riƙe mulkin. A ganina wannan ya fi nasarorinsa na yaƙi nuna basira.

Su kuwa Saifawa, sau biyu suna ƙoƙarin dawo da ikonsu, duka biyun da ƙarfin aro. Dunama ya haɗa baki da daular Bagarmi, ya mutu a fagen fama wajen 1820. A 1846 ƙanensa Mai Ibrahim ya gayyato Sarkin Wadai, lokacin da rundunar Shehu Umar, ɗan Laminu, ta tafi Damagaram. Umar ya sa aka kashe Ibrahim. Wadai suka ƙone Kukawa, suka naɗa Ali ɗan Ibrahim, sannan suka juya gida suka bar yaron da 'yan tsirarun magoya baya. Bai yi wata biyu ba aka kashe shi a Minarge, a bakin kogin Yobe, kogin nan da ya bi ta Gashua. A nan gidan Saifawa ya ƙare. Ranar da mutane suka ga Mai ya kawo baƙi sun ƙone gari, sunan da ya rage masa ma ya zube.

Kano ta ga ɗaya fuskar al'amarin. Da Sarkin Kano Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Wazirin Sakkwato Buhari ya naɗa Tukur ɗan Bello bisa umarnin Sarkin Musulmi Abdurrahman. A tsarin daular Usmaniyya babu halascin da ya wuce wannan. Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi da 'yan'uwansa suka ƙi, suka fita Takai, suka shiga cin garuruwa suna naɗa nasu hakiman. Yusufu ya rasu, Aliyu Babba ya gaje shi, ya shiga Kano a 1894. Tukur ya fice da takardar Sakkwato a hannunsa, aka kashe shi a Tafashiya a 1895. Daga ƙarshe Sakkwato ta haƙura ta zauna da Aliyu.

Batun wanda ke yanke hukunci a yau: babu wata kotun duniya da ke zama ta ce wannan ce gwamnati. Kowace ƙasa ita ke zaɓar wanda za ta karɓi jakadansa, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tana da kwamitin da ke duba wanda zai zauna a kujerar kowace ƙasa. Hukuncin yakan makara ƙwarai. 'Yan gurguzu sun kama Beijing a 1949, amma gwamnatin da ta gudu Taiwan ce ta riƙe kujerar China har 1971.

Kada ka ɗauka amincewar banza ce. Wanda aka amince da shi ne fasfonsa ke aiki, shi ke taɓa ajiyar ƙasa a bankunan waje, shi ke sayen makamai a fili. A Libiya yawancin rijiyoyin mai suna yankin da Khalifa Haftar ke iko, amma kuɗin man ta babban bankin Tripoli suke bi, sai ga abokan gaba biyu suna ci a akushi ɗaya suna hararar juna. Biafra, wadda ita ɓallewa ta nema ba kujerar Legas ba, ta buga kuɗinta, amma ƙasa 5 kacal suka amince da ita tsakanin 1967 da 1970: Tanzaniya, Gabon, Ivory Coast, Zambiya da Haiti.

Idan ka koma majalisa, ka tuna musu cewa babu wanda aka zaɓa a cikin janarorin Sudan biyu. Tare suka kifar da gwamnatin farar hula ranar 25 ga Oktoba 2021, abin da ya sa Tarayyar Afirka ta dakatar da Sudan. Kuma kowanne akwai masu ɗaure masa gindi daga waje: ana danganta Masar da Burhan, ana zargin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da taimakon RSF, ita kuma tana musantawa.

A wurin mutumin Darfur ko Kordofan, Malam, tambayar nan ta aljihu ce da makarantar yara. A Disambar 2024 gwamnatin Burhan ta fara canjin takardun fam 500 da 1,000 a jihohin da sojoji ke riƙe da su, RSF ta haramta sababbin a yankunanta. Ɗan kasuwa ya wayi gari da kuɗin da ke aiki a wannan gari amma laifi ne a wancan. A wannan watan aka yi jarrabawar kammala sakandare a yankunan sojoji, ɗaliban da ke ƙarƙashin RSF kuwa yawancinsu ba su samu zama ba.