Abin Da Madubin Likita Ke Nunawa A Sankarar Hanta

Hanta ita ce mafi girma a kayan cikin ɗan Adam, ta baligi takan kai wajen kilo ɗaya da rabi. In aka ɗebi ɗan siririn yanki nata aka rina shi, aka sa ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, sai a ga ƙwayoyin halitta jere sahu-sahu kamar tubalin gini. Kaurin kowane sahu ƙwaya ɗaya ne ko biyu, tsakanin sahu da sahu kuwa akwai ɗan kwararo inda jini ke bi.

Idan sankara ta kama, wannan tsari shi ke rushewa. Sahun yakan yi kauri, ƙwaya uku ko fiye, wani lokaci ma dunƙule kawai. Cibiyar kowace ƙwaya takan kumbura ta yi duhu, siraran zaren da ke riƙe da sahu su ɓace. Abin mamaki, waɗansu ƙwayoyin ba su mance aikinsu na asali ba: suna ta yin ruwan matsarmama, amma babu hanyar fitarsa, shi ya sa ƙarin yakan yi kore. A shekarar 1954 likitoci biyu na Amurka, Edmondson da Steiner, suka kasa wannan lalacewa hawa huɗu. A hawa na fari ƙwayoyin sun yi kama da na lafiya ƙwarai, har su ruɗi gwani. A na huɗu kuwa da ƙyar za a shaida cewa na hanta ne.

Majinyacin Suleja da ake zaton yana da wannan ciwo akan tura shi babban asibiti, kamar na koyarwa da ke Gwagwalada, domin hoton ciki da awon jini, in ta kama a ɗebi tsokar da allura. Abin baƙin ciki, da yawa sai ciki ya kumbura suke zuwa.

Rushewar nan ba dare ɗaya take faruwa ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B takan shiga jariri, ta zauna shekara ashirin ko talatin tana yi wa hanta tabo a ɓoye. Sa'an nan ga dafin afalatoksin da ke cikin gyaɗa da masara masu hunhuna, wanda aka gano bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960. In biyun suka haɗu a jiki ɗaya, haɗarin yakan ninku ƙwarai.

Tun 2004 Nijeriya ta sa allurar nau'in B cikin rigakafin yara, kyauta ce, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu. Manoman ƙasar Suleja kuwa, inda damina ke daɗewa, su busar da amfanin gona sarai kafin a zuba rumbu. Dafuwa ba ta kashe wannan dafi.