Shawarwari Kan Haɗa Filashin da Zai Tayar da Tsohuwar Kwamfutar Gida

Kamfanin Microsoft ya janye tallafin da yake bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 7 kuwa tun Janairun 2020 aka sallame ta. Ita kuma Windows 11 zaɓen kwamfuta take yi, sai mai wata na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba. Akasarin laftof ɗin da ke gidajenmu na hannu ne, sun sha aiki a wani ofis a Turai ko Amurka kafin su iso kasuwa, don haka da yawansu ba su cika sharaɗin ba. Wannan bai sa sun zama na zubarwa ba. Akwai manyan manhajoji marasa nauyi daga dangin Linux, kyauta ake samunsu, kuma filashi guda ya isa a tayar da kwamfuta da su, a gwada, ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba.

1. A fara sanin ƙarfin kwamfutar. A danna ɓangaren dama na linzami a kan This PC, ko Computer a Windows 7, a zaɓi Properties. Abu biyu ake nema: yawan RAM, da kuma ko injin mai bit 64 ne ko 32. A lura da kyau a nan, domin sau da yawa masu gyara suna ɗora Windows mai bit 32 a kan injin da yake 64. A Windows 10, in an ga x64 a layin da ke bayanin injin, to 64 ne, ko da Windows ɗin ta ce 32.

2. A zaɓi manhajar daidai ruwa daidai tsaki. Mai RAM gigabait 4 zai ji daɗin Linux Mint, samfurin Xfce. Fuskarta ta yi kama da ta Windows, akwai maɓallin buɗe manhajoji a ƙasa ta hagu da agogo ta dama, kuma tana zuwa da Firefox da LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Word da Excel. In gida akwai yara ko iyayen da suka saba da Windows, ita nake ba da shawara, ko da wata ta ɗan fi ta gudu. Mai gigabait 2 ya duba Lubuntu ko antiX. Ƙasa da haka sai antiX ko Puppy Linux, wadda wani ɗan Ostireliya, Barry Kauler, ya fito da ita a 2003. Ita Puppy gaba ɗayanta take shigewa cikin RAM, shi ya sa take da sauri a kan injin da ya gaji, amma tsarinta daban ne, baƙo zai ɗan sha ruɗu a kwanakin farko. Injin da yake bit 32 na gaske zaɓinsa kaɗan ne: Linux Mint ta bar su tun fitowa ta 20 a shekarar 2020, Lubuntu ma ta bar su, don haka a nufi antiX ko Puppy kai tsaye.

3. A sauke fayil ɗin daga shafin masu manhajar, kada a ɗauko daga wurin da ya cika da tallace-tallace. Sunansa yana ƙarewa da ISO, kuma na Mint ya kusa gigabait 3, saboda haka a shirya masa data, ko a jira ta dare mai rahusa. Idan intanet ta yanke ana tsakiyar saukewa, fayil ɗin kan fito da naƙasa alhali ga ido lafiya ƙalau yake. Akwai hanyar tantancewa. Masu manhajar suna wallafa wata doguwar lamba mai suna SHA256 a gefen kowane fayil. A buɗe Command Prompt a rubuta certutil -hashfile, sai sunan fayil ɗin, sai SHA256. Lambar da ta fito dole ta zama ɗaya da tasu harafi da harafi. Aikin minti biyu ne, kuma mutane da yawa suna tsallake shi, sai daga baya su yini suna zargin kwamfuta.

4. Filashi mai gigabait 8 ya wadatar. Matsalar ita ce jabu sun yi yawa a kasuwa. Za a ga an rubuta 32 ko 64 a jiki, Windows ma ta nuna hakan, amma ainihin cikinsa bai kai rabin rabi ba. Irin wannan yana karɓar fayil ba musu, sai ya riƙa taka na baya da na gaba a ɓoye. Wata 'yar manhajar kyauta mai suna H2testw tana cika filashin da bayanai sannan ta karanta su, ta faɗi gaskiyar girmansa. Gara ƙarami na ƙwarai da babba mai arhar banza.

5. A kwashe duk abin da ke cikin filashin kafin a fara, domin aikin zai share shi tas. A kuma cire kowane filashi ko katin ajiya da ke jikin kwamfutar, a bar wanda za a yi aiki da shi kaɗai. Da haka ba za a zaɓi wanda hotunan biki ke ciki bisa kuskure ba.

6. Kwafar fayil ɗin ISO a jefa cikin filashi kamar waƙa ba ya aiki. Sai an rubuta shi da manhajar da ta san yadda ake jera sassansa inda kwamfuta za ta gan su tun kafin Windows ta tashi. A kan Windows, Rufus ce ta fi shahara. Pete Batard ya fito da ita a 2011, ƙarama ce ƙwarai, ba ta ma buƙatar a girka ta. Mai Windows 7 ya nemi fitowa ta 3.22, ita ce ta ƙarshe da ke aiki a kanta.

Da an buɗe Rufus, a saman akwai Device. A tabbata sunan filashin da girmansa ne a wurin. A danna SELECT a nuna mata fayil ɗin ISO. Ƙasa kaɗan akwai Partition scheme, inda ake zaɓar MBR ko GPT, kuma a nan mutane suka fi rikicewa. Tsofaffin kwamfutoci, musamman na zamanin Windows 7 zuwa baya, da tsarin BIOS suke tashi, su MBR suke so. Na bayansu da UEFI suke tashi, suna karɓar GPT. Wanda ke kan Windows 10 zai iya rubuta msinfo32 a wurin bincike ya duba layin BIOS Mode, zai ga Legacy ko UEFI. In ana kokwanto, a bar MBR tare da zaɓin da ya haɗa BIOS da UEFI, yawanci shi Rufus take sawa da kanta. Daga nan a danna START. Za ta iya tambaya ko a rubuta ta hanyar ISO ko ta DD. A fara da ISO, in kwamfuta ta ƙi tashi sai a dawo a gwada DD. Gargaɗin sharewa zai fito, a sake karanta sunan filashin sau ɗaya kafin a amince, sannan a jira koren layi ya cika ya nuna READY.

7. Akwai wasu hanyoyin. balenaEtcher tana aiki a kan Windows da Mac da Linux, matakai uku ne kawai. Ventoy, wadda ta fito a 2020, sau ɗaya ake girka ta a filashi, daga nan sai a riƙa kwafar fayilolin ISO a ciki, ta jero su a zaɓa lokacin tashi. Ta dace da mai son gwada Mint da antiX a yini ɗaya. Gidan da kwamfutar ta riga ta ƙi tashi kuwa, wayar Android da 'yar mahaɗar OTG da manhajar EtchDroid za su iya rubuta filashin. Bayan amfani da Etcher ko hanyar DD, Windows takan ce ba ta gane filashin ba, ta nemi a yi masa fomat. Kada a yarda, rashin saninta ne, filashin lafiyarsa lau.

8. A kula da wuta. Yawancin tsofaffin laftof batirinsu ya mutu, da an ɗauke wuta sai su mutu nan take. In hakan ta faru ana rubuta filashi, asarar kaɗan ce, a sake daga farko. In ta faru ana girka manhajar a cikin kwamfutar, za a iya tashi ba tsuntsu ba tarko. A yi aikin lokacin da ake da inbata ko sola ko janareta mai isasshen mai.

9. A kashe kwamfutar gaba ɗaya, a sa filashin, a kunna, a fara danna maɓallin zaɓen wurin tashi tun kafin tambarin kamfani ya ɓace. A HP F9 ne, a Dell da Lenovo da Acer da Toshiba galibi F12, a laftof ɗin Asus kuma Esc. A riƙa dannawa ana saki, kada a jira rubutu ya fito. Jerin sunaye zai bayyana, a sauka da kibiya zuwa wanda ke da USB ko sunan filashin, a danna Enter. In bai fito a jerin ba, a canja masa rami. In ya fito amma kwamfutar ta ƙi shi, a shiga saitin BIOS, F10 a HP ko F2 a Dell, a kashe Secure Boot. Mint da Lubuntu sukan wuce ko da yana kunne, ƙananan irin su Puppy ne suka fi cin karo da shi.

10. Da ta tashi, kada a yi gaggawar danna Install. Abin da ake gani daga filashi yake gudana, Windows da fayilolin gida suna nan ba a taɓa su ba. A gwada sauti, a gwada kyamara, a sa firinta in akwai. A duba ko tana ganin Wi-Fi, domin wasu tsofaffin HP da Dell suna da katin Broadcom da ke buƙatar a sauke masa direba. Maganinsa shi ne a haɗa waya da kebul a kunna raba intanet ta USB, sannan a buɗe Driver Manager a Mint. A saitin allon rubutu akwai tsarin Hausa na Najeriya da na Gana, wanda ke ba da haruffa masu lanƙwasa. Ba laifi in an ga tana ɗan jan ƙafa, filashi bai kai rumbun kwamfuta sauri ba. Abin da aka ajiye a wannan zama kuma yakan ɓace da an kashe, sai dai in an ware masa wuri da zaɓin Persistent partition a Rufus.

11. Kafin a yanke shawarar girkawa, a tambayi duk mai amfani da kwamfutar. In da ita ake cin abinci ta hanyar CorelDRAW ko Photoshop, ko ɗalibi yana da manhajar atisayen jarrabawa da Windows kaɗai ta sani, Linux ba za ta buɗe su kai tsaye ba. Irin wannan gida ya bar Windows a wurinta, ya girka Linux a gefenta ko ya tsaya a kan filashi. Haka nan shafukan intanet na yau suna da nauyinsu, mai RAM gigabait 2 in ya buɗe guda goma a Firefox zai ji a jikinsa komai sauƙin manhajar. In an amince za a girka, a kwashe takardu da hotuna zuwa wani wuri daban, a buɗe kaɗan daga cikinsu a tabbata sun kwafu, sannan a karanta shafin da ke tambayar yadda za a yi da rumbun kwamfutar a natse. Zaɓin Erase disk yana share komai har da Windows, shi kuma Install alongside yana barin ta, ya riƙa tambayar wadda ake so duk lokacin da aka kunna.