Darasin sana'a: in robar bakin akwatin wasa ta saki

Darasinmu na yau na aikin katako ne. Za mu yi magana a kan wani akwati da ba kowa ya taɓa gani ba a karkara. Amma dabarar gyaransa tana aiki ga teburin lakkol, da kantar mai shago, da duk katakon da aka yi wa baki da irin wannan roba.

Akwatin dogo ne, tsayinsa ya kai na mutum. A cikinsa akwai allo irin na talabijin. A gabansa akwai ɗan sanda da maɓallai. Mai wasa yana jefa kuɗin ƙarfe, ya tsaya, ya yi wasa. Kamfanin Atari na Amurka ya fito da wasan Pong a 1972. A Japan aka yi Space Invaders a 1978, da Pac-Man a 1980. Yau mutane da yawa a Amurka da Turai suna haɗa irin akwatin a gida da hannunsu, su sa kwamfuta a ciki. Kuma sau da yawa kukansu ɗaya ne: robar baki ta saki.

Mece ce robar baki? Doguwar roba ce da ake bin gefen katako da ita. In kun yanka ta, kuka duba bakin yankan, za ku ga siffar harafin T. Kun san wannan harafi, shi ne farkon kalmar "tebur". Shimfiɗaɗɗen saman shi ke rufe gefen katako. Ƙafar harafin kuwa, mu kira ta harshe, tana da ƙananan haƙora. Kafinta yana yanka siririyar tsaga a tsakiyar gefen katako, ya cusa harshen ciki. Haƙoran ne ke cizon katako su riƙe. Ba gam, ba ƙusa.

Wannan roba ba ado ba ce kaɗai. Galibi ana yin akwatin da katakon gari, wato garin itace da aka matse da gam. Gefensa ya fi ko'ina rauni. In ruwa ya shiga ta nan, sai ya kumbura, ya ruɓe. In roba ta saki, yara za su ja ta, gefe ya rage a buɗe. Daga nan lalacewar akwati ke farawa.

To, kada ku yi gaggawar ɗauko gam. Ku fara neman dalilin sakin.

Dalili na farko, wanda ya fi yawa, tsaga ta yi faɗi. Robar da aka fi amfani da ita faɗinta milimetir 19 ne, kuma galibi tsagar da take so ba ta wuce milimetir 1 da rabi da ɗan kai ba. Ku duba fa, ko kaurin tsinken ashana bai kai ba. In kafinta ya yanka milimetir 3, haƙora ba su da abin cizo. Gwaji mai sauƙi ne: ku cusa guntun roba da yatsa. In ya shiga ba wuya, ya fito ba wuya, tsaga ta yi faɗi.

Magani shi ne a cike gurbin. In sakin kaɗan ne, ku zaro robar a hankali, ku liƙa salatif a kan harshen, falle ɗaya ko biyu, don ya yi kauri. Ku mayar. Wannan dabara ba ta da tsada, kuma gobe ana iya sake cirewa. In tsagar ta buɗe ƙwarai, ku kwaɓa garin katako da farin gam na kafinta, ku cike ta, ku bar ta ta kwana ta bushe, sannan a sake yanka sabuwa daidai awo. Aiki ne mai cin lokaci, amma a ganina shi ne gyaran gaskiya.

Maganar gam kuwa, ku saurara da kyau. Farin gam yana kama katako da katako, amma ba ya kama roba. Wanda ya zuba shi a kan harshe ya yi asarar kuɗinsa. Masu haɗa akwatin sun fi amfani da gam ɗin da ake narkarwa da wuta, wanda ke fitowa daga wata ƴar bindiga. Ana ɗiga shi cikin tsaga, tazarar taƙi ɗaya ɗaya, a danna roba nan take kafin ya huce. Sai dai abin da zafi ya narkar, zafi na iya tausasa shi. Akwatin da aka gyara haka, kada a bar shi cikin ranar bazara.

Wani lokaci laifin ba na faɗi ba ne, na zurfi ne. Ku zura tsinke cikin tsaga, ku gwada shi da tsawon harshe. Dole zurfin ya ɗara harshen. In bai kai ba, ko ƙura ta cika shi, roba ba za ta kwanta ba, ko da kun wuni kuna duka.

Sai wurin kwana. Nan ne roba ta fi tashi, domin harshen yana ƙin lanƙwasuwa. In kwanar ta waje ce, ku yanke ƙananan gutsattsari daga harshen da reza, masu siffar bakin kibiya, don ya samu wurin haɗewa. In ta ciki ce, tsagawa kawai ta isa. Ku kula kada reza ta taɓa saman robar.

Wajen mayarwa, ku shanya robar a rana na ɗan lokaci ta yi laushi. Ku fara daga ƙasa ko daga baya, inda ido ba ya kaiwa. Ku buga da guduma ta roba. In babu, ku naɗe guntun itace da tsumma, ku ɗora, ku buga a kansa. Kada ku ja robar kuna miƙar da ita. Wadda aka miƙar, bayan kwanaki sai ta koma, ta bar giɓi. A ƙarshe ku bar rarar milimetir 2 kafin ku yanke, ku matse bakin. Ana iya kafa ƴar ƙaramar ƙusa a nan ƙasa.

Gargaɗi ɗaya: ku cire wayar lantarki kafin ku taɓa komi. In allon irin tsohon talabijin ne mai ƙaton baya, kada ku sa hannu cikinsa. Yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an kashe shi.

In robar ta tsufa har tana karyewa, sai sabuwa. Ku auna gefe da igiya. Misali, in gefe ɗaya ya ba ku metir 5, gefe biyu metir 10 ke nan. Ku ƙara metir 1 saboda kuskuren yanka. Metir nawa za ku saya?