Kafin Ku Ɗora Injin Lexus a Kan Tsohuwar Janwe

'Ya'yana na gareji,

Labari ya iso mini cewa wasunku sun ƙwallafa rai a kan wani aiki: a sauke injin tsohuwar Land Rover ta janwe, a ɗora mata na Lexus mai silinda takwas. Ba zan hana ku ba. Bakaniken da ba ya marmarin gwada abin da bai taɓa yi ba, hannunsa ba ya gogewa. Sai dai ku ajiye sifana tukuna, ku ba ni aron kunnuwanku.

Injin nan ban raina shi ba. Sunansa 1UZ-FE. A 1989 Toyota ta fito da shi cikin Lexus LS400, lokacin da take son nuna wa Mercedes da BMW cewa ita ma ta iya ƙera motar manya. Lita 4 ne, gangar jikinsa ta alminiyam, na farkon fitowa yana ba da ƙarfin doki 250. Ga juriya, ga rashin hayaniya. Yana aiki kana tsaye kusa da shi sai ka kasa kunne kafin ka tabbatar a kunne yake. A Ostireliya da Afirka ta Kudu an daɗe ana ɗora shi a kan Hilux da Land Cruiser, wasu kuma sun yi aikin ya yi kyau. Ba ku ne farau ba ke nan, kuma abin mai yiwuwa ne.

Yanzu ku juyo ga motar da za ta karɓe shi. Land Rover samfurin Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, injin fetur ɗinta lita 2.25 ne, ƙarfinsa doki saba'in da 'yan kai. Giyabos ɗinta, farfelarta, akusul ɗinta, birkinta, duk a kan wannan ma'auni aka yanka su. Ku kuna shirin ninka mata ƙarfi fiye da sau uku, ragowar jikin kuma yana nan yadda Turawan Ingila suka bar shi shekara arba'in ko hamsin da suka wuce.

Samari suna son jin adadin dawaki, amma janwe ba gudu ake nema a wurinta ba. Abin da ake so shi ne ta tashi daga tsaye da mataccen kaya a bayanta, ta hau tudu a hankali, ta yi awa guda tana nishi ba ta tafasa ba. Injin LS400 sai ya kai juyi 4,400 a minti yake ba da cikakken ƙarfin jansa, dawakan nan 250 kuwa sai a juyi 5,600. Dokin sukuwa ne, ku kuma garma za ku ɗaura masa. Zai ja, har ya fi tsohon injin ja nesa ba kusa ba, amma ba don haka aka yi shi ba. In kuna son shaida, ku dubi abin da ita Toyota ta yi da kanta. Da ta tashi sa silinda takwas a Land Cruiser 100 da Lexus LX470 a 1998, ba ta ɗauko na LS400 ta ɗora ba. Sai ta yi masa ƙane, 2UZ-FE, ta ƙara shi zuwa lita 4.7, ta yi gangar jikinsa da baƙin ƙarfe, ta sa ƙarfin jansa ya riƙa zuwa da wuri. Ga kuma 1HZ, injin gas mai lita 4.2 da ya fito a 1990: dawakansa wajen 130 kacal, amma a juyi 2,200 ya riga ya ba da cikakken ƙarfin jansa, shi ya sa har yau ake yarda da shi a hanyoyin sahara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne birki. Series III birkin ganga gare ta a ƙafafu huɗu. Motar da ake ja kuwa, musamman wadda aka ɗage gabanta, ba mai taka mata birki. Duk nauyinta a wuyan janwe yake. Tsohon injin, saboda rauninsa, yana kare direba ba tare da ya sani ba, don ko ya so gudu motar ba ta iyawa. Ranar da kuka ba shi Lexus kun cire wannan kariya. Zai taka, mota ta amsa, ya ji daɗi, ya manta tan biyu na biye da shi. Wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo daga Jos da kaya ya san abin da nake nufi. Ganga tana ɗaukar zafi, takalmin birki ya daina kamawa, ƙafa tana kan feda mota tana ƙara wuta, ta baya kuma tana tunkuɗo ta gaba. A wannan lokaci ba a tambayar injin wane kamfani ne. Kuma ba ran direba kaɗai ba ne. Akwai mai babur da matarsa da goyo, akwai yara masu talla a bakin titi. Kafin a biya kuɗin inji, a fara lissafa kuɗin mayar da ƙafafun gaba birkin faranti, da na'urar ƙara ƙarfin birki, da sababbin bututun mai. In akusul ɗin ba zai karɓa ba, a canza shi ɗungurungum.

Sai giya. LS400 ba ta taɓa fitowa daga kamfani da giyar hannu ba, otomatik ce zalla. Hanya biyu ke gabanku. Ko ku yanko faranti ku haɗa injin da giyabos ɗin Land Rover, wanda haƙoransa da sandunan akusul na baya sun saba karyewa ko da ƙarfin da bai kai wannan ba. Ko ku kawo otomatik ɗin tare da injin, sai ku san yadda za ku aura ta da akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, in ba haka ba ku rasa ƙaramar giya, wadda ita ce rabin amfanin motar in an je fito da wata daga rami. Otomatik kuma da kaya zafi take haɗawa. Sai an yi wa man giyar lagireto nasa daban, kuma a koya wa direba ya riƙa saukar da ita 2 ko L a gangara.

Zafin inji ma haka. A bazara, Kano da Sakkwato da Maiduguri suna haura digiri 40. Janwe tafiyar hawainiya take yi, iska ba ta bugun gabanta sosai, injin kuma yana aiki iya ƙarfinsa. Lagireton Land Rover ba zai iya da silinda takwas ba, kan alminiyam kuwa tafasa ɗaya mai kyau ta isa ta lanƙwasa shi. A nemo babban lagireto da fanka mai ƙarfi. Al'adar nan tamu ta cire tamostat a jefar, a cika da ruwan rijiya, don Allah a bar ta a kan wannan injin.

In kun je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka, kada ku sayo inji tsirara don ya fi araha. Ku saye shi da ƙwaƙwalwarsa da wayoyinsa da na'urar auna iska, duk na mota ɗaya. Masu VVT-i, waɗanda suka fito daga ƙarshen 1997, sun fi ƙarfi amma sun fi rigima: ƙwaƙwalwar tana neman makullinta na asali, kuma in bel ɗin taimin ya tsinke, fistin na dukan bawul. Ku sa sabon bel tun injin yana ƙasa. Famfon mai na injekta matsinsa ya ninka na kafireto sau da yawa, tsohon tiyo ba zai riƙe ba, ga shi a wasu Land Rover tankin a ƙarƙashin kujera yake. Kaskon baƙin mai na LS400 a gaba yake, daidai inda akusul ke motsi; a gyara kaskon, kada mai walda ya taɓa shasi.

Akwai kuma haƙƙin mai mota. Janwe abin neman abinci ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowace lita lissafinta ake yi. Ku gaya masa gaskiya cewa kuɗin injin shi ne ƙaramin kashi a aikin, kuma in abin da yake so ja ne kawai, injin gas mai lita biyu da rabi ko uku zai fi masa rufin asiri. Ku tuna masa ya je a gyara lambar inji a takardun mota, kada 'yan VIO su tsare shi a hanya ya dawo yana zagin ku.

In ya ji duk wannan ya ce a yi, to ku yi, ku yi da kyau, ni ma zan zo in gani. In kuwa ya ce kuɗinsa na inji ne kaɗai, birki da lagireto sai gaba, ku ba shi haƙuri ku mayar masa da makullinsa. Allah ya yi wa hannuwanku albarka.