Kafin Ku Tayar da Babura Daga Kawo

Abokai huɗu ko biyar, kowa da babur ɗinsa, a bar Kaduna a yi kwana uku ko huɗu ana ratsa garuruwa: sha'awa ce mai kyau, kuma ina goyon bayanta. Mai babur yana jin ƙanshin gona, yana tsayawa inda ransa ya so, yana gaisawa da mutanen da na cikin mota ke wucewa bai ko gan su ba. Sai dai kafin a duba taya ko birki, akwai abin da ya kamata ku fara sa wa a ranku. A yankinmu yau, mutumin ƙauye da ya hango jerin babura sun taso, gabansa ne ke faɗuwa, domin a haka 'yan bindiga suke zuwa. Abin da ya sa ke nan a ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawan babur gaba ɗaya na wani lokaci, na haya da na gida. Don haka ku tsara komai yadda duk wanda ya gan ku, soja ne ko mai tallar rake, zai gane nan take cewa matafiya ne ku.

Kada ku wuce babura biyar, kuma kowane babur mutum ɗaya. Goyo yana gajiyar da inji, yana kuma jawo tambaya, musamman a Kano inda aka hana acaba tun 2013. Kada kowa ya naɗe fuska da rawani ko ƙyalle saboda ƙura. Hular kwano mai gilashi ta wadatar, kuma doka ce tun Janairun 2009. A bar duk wata riga ko jaka mai kalar kakin soja a gida. Ku sa riguna masu ƙyalli irin na ma'aikatan hanya a kan kayanku: direban tirela zai hango ku daga nesa, jami'in tsaro ma zai natsu. Takardu kuwa, kowa ya haɗa nasa a leda: rasit ɗin sayen babur, takardar rajista da lamba, lasisin tuƙi, inshora da katin shaidar ɗan ƙasa. Wanda ya aro babur ya karɓi rubutacciyar shaida da lambar wayar mai shi. Dokar babur tana sauyawa daga jiha zuwa jiha, wani lokaci daga ƙaramar hukuma zuwa wata, saboda haka ana saura mako guda ku leƙa ofishin KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Kaduna, ko na Hukumar Kiyaye Haɗura ku tambayi abin da ke aiki a yanzu, ku kuma sa wani ɗan'uwa a Kano ya tambayo muku KAROTA, takwarar KASTLEA a can.

In kun iso shingen bincike, ku rage gudu tun daga nesa, ku ɗaga gilashin hula a ga fuskokinku, ku yi sallama. Mutum ɗaya ya yi magana, wanda ya fi kowa sanyin rai. In an ce a sauka a tura, a sauka a tura. Kada wanda ya ɗaga waya da sunan ɗaukar hoto a wurin.

Ga tafiyar farko, shawarata ita ce ku nufi arewa a kan babbar hanya. Daga gadar Kawo ku bi Rigachikun, Mararrabar Jos, Jaji, ku shiga Zariya, kimanin kilomita 80. Wani zai ce ai wannan tafiyar safiya ɗaya ce. Haka ne, da gangan na zaɓa. A ranar farko ne za ku san babur ɗin da ke shan baƙin mai, da abokin da bayansa ke ciwo, da kayan da ba su ɗauru da kyau ba, kuma in wani abu ya lalace gida na kusa. Ga Zariya ma da abin gani: ƙofar fadar Sarkin Zazzau, ragowar ganuwa, dutsen Kufena. Rana ta biyu ku bi Tashar Yari da Kwanar Ɗangora da Kura zuwa Kano, wajen kilomita 150, ku hau Dala da yamma, ku ga marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama. In da sauran ƙarfi da kuɗi, rana ta uku ku bi Kazaure zuwa Daura ku ga rijiyar Kusugu. Hanyar da kuka bi ita za ku biyo a dawowa. Hanyar Birnin Gwari, da duk wata hanyar daji da wani zai ce muku yanke ce, ku bar ta ko da ana cewa ta lafa. Kowace safiya ku tambayi direbobin tasha labarin hanyar da ke gabanku, sun fi taswirar waya sanin abin da ya faru jiya da dare.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, wajen watan Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai yi kauri ba, amfanin gona na ko'ina a bakin titi. A Disamba da Janairu sanyin asuba yana daskarar da yatsu har kama birki ya yi wuya, hazo kuma yana ɓoye motar da ke gabanka. A Maris da Afrilu zafi yana gajiyar da inji da mai shi. Ko wane wata ne, ƙa'ida ɗaya ce ba ta da sassauci: a tashi bayan gari ya waye sarai, la'asar ta same ku a masauki. In dare zai riske ku, ku kwana a garin da kuke.

Babur na yau da kullum, Bajaj Boxer ne ko Jincheng ko Haojue, zai iya wannan tafiya, kuma yana da fifiko guda a kan manyan babura masu tsada: kowane bakanike na bakin hanya ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma na nan a kowace kasuwa. A kai shi sabis kwana uku kafin tafiya, a yi ta hawansa a gari, don in bakanike ya manta wani noti a gane tun a Kaduna. A canja baƙin mai, a duba birki gaba da baya, a ɗaure sarƙa daidai a sa mata mai, tayar da ta suɗe a sauya ta. Ku raba kayan gyara a tsakaninku: filogi, tiyub na gaba da na baya, wayar kuloci, ƙwan fitila, sifana, famfon iska da robar ɗaure kaya. Ku sha mai a gidan mai da zarar tanki ya kai rabi. Kada ku ɗauki fetur a jarka. Haɗarin gobara ne, kuma a shingen bincike shi ne abu na farko da zai sa a zarge ku.

A kan titi, wanda ya san hanya ya shige gaba, wanda ya fi iya gyara ya tsaya a baya, mai ƙaramin inji ko sabon hannu ya zama na biyu, a riƙa tafiya da gudunsa. Nan ne zumunci ke fuskantar jarrabawa, domin kullum akwai mai son ya nuna nasa ya fi gudu. Ku yi wannan magana tun a gida, a fili. A bar tazara, kada a jera kafaɗa da kafaɗa ana hira. A Mararrabar Jos, inda manyan motoci ke tsayawa a gefen hanya, a rage gudu sosai, domin mutum ko akuya na iya fitowa daga bayan tirela ba zato. Duk awa ɗaya a tsaya a miƙe ƙafa, a sha ruwa, inji ya huce. Wanda barci ya fara ɗauka ya faɗa, ba abin kunya ba ne.

Kuɗin mai da abinci da masauki a tara su hannun mutum ɗaya mai rubutawa, a ware wani kaso na gyara wanda ba a taɓawa sai larura. Kowa kuma ya riƙe ɗan tsabar kuɗi a aljihu daban, saboda mai faci na ƙauye ba lallai ya karɓi tura kuɗi ta waya ba. A masauki, ku tabbatar akwai inda za a shigar da babura cikin gida a kulle, ku ɗauki gidan sauro ko maganinsa, da bandeji da maganin wanke rauni.

Ku sanar da iyaye da iyali hanyar da za ku bi da garin da za ku kwana kowace rana, ku naɗa mutum ɗaya a Kaduna da za a kira duk lokacin da aka tashi da lokacin da aka sauka. Ku ajiye 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗura da 112 ta kiran gaggawa a waya, a kuma rubuta lambar wani ɗan'uwa a takarda a sa a aljihun gaba. Ranar dawowa ta fi kowace rana haɗari, saboda jiki ya gaji, kowa na ɗokin gida. In daga Daura kuka taso, ku kwana a Kano ko Zariya, washegari ku shigo Kawo da rana tsaka.