Yadda Ake Sayen Kangaye da Filayen Hukuma a Birnin Ditiroyit

Kowane hakimi ya san ɓarnar da kango ke jawo wa unguwa. Nan ake zuba shara, nan ɓarayi ke fakewa, nan gobara ke tashi. Wannan darasi zai bayyana dabarar da waɗansu biranen Amurka suka yi game da kangaye, domin hakimai da malamansu su duba abin da ke cikinta na amfani.

Asalin Al'amarin

A Amurka ana biyan haraji a kan gida da fili kowace shekara. A Jihar Mishigan, idan bashin harajin ya kai wajen shekara uku, sai hukuma ta karɓe gidan ta kai shi gwanjo. Wanda bai sami mai saye ba, sai a danƙa shi ga wata hukuma da ake kira bankin filaye. Ba kuɗi ake ajiyewa a wannan banki ba. Kamar rumbu yake, inda ake tara kangaye da filaye har a sami wanda zai raya su. Birnin San Luwis ne ya fara kafa irinsa cikin 1971.

Ditiroyit, birnin ƙera motoci, yana da mutum wajen 1,850,000 a 1950. Da masana'antu suka ragu, jama'a suka watse, ƙidayar 2020 ta sami wajen 639,000 kaɗai. Dubban gidaje suka zama kufai. Saboda haka aka kafa bankin filaye na birnin a 2008.

Ƙa'idodin Saye

Ga yadda aka tsara ciniki cikin shekarar 2014.

Na farko, fili. Idan akwai filin da ba kowa jikin gidan mutum, yana iya sayensa dala 100, muddin ba a binsa bashin haraji. Shi ke nan sai ya share shi, ya yi lambu ko ya faɗaɗa tsakar gidansa.

Na biyu, gida. Ana yin gwanjo ta intanet, ana fara tayi daga dala 1,000. Kafin ranar gwanjo akan buɗe gidan domin masu so su shiga su gani da idonsu.

Na uku, wa'adi. Wanda ya saya zai sa hannu a takarda cewa zai gyara gidan a shiga cikin wata 6, ko wata 9 idan unguwar ta tarihi ce. In ya saɓa, hukuma tana da ikon karɓe abinta. An yi haka ne don kada masu kuɗi su saye gidaje su ajiye suna jiran tsada.

Sai dai araha ba ta ado. Sau da yawa an riga an sace wayoyin lantarki da bututun ruwa, rufi kuma yana yoyo, har kuɗin gyara ya ninka kuɗin saye. Wanda bai lissafa wannan ba tun farko, ya yi asarar gida da kuɗi gaba ɗaya.

Abin Lura Ga Hakimai

A Nijeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana. Hakimi ba ya sayar da filin Gwamnati, amma shi ake tambaya asalin fili, kuma zaurensa ake fara kawo jayayya. Don haka abu uku sun cancanci koyi. A tabbatar babu magada ko mai bin bashi kafin a ce kango ba shi da mai shi. A sa wa wanda aka ba fili wa'adin gini. Malamin hakimi kuwa ya rubuta iyakoki da shaidu da kwanan wata a littafi, gama shaidu suna mutuwa, littafi yana nan.