Tafiya A Kan Sacacciyar Taya: Asarar Da Ba Ta Shiga Littafin Mai Mota

Duk ɗan kasuwar da ke ɗauko kaya daga Arewa zuwa Legas, ko tumatir ne zuwa kasuwar Mile 12, ko shanu zuwa mayankar Oko-Oba da ke Agege, ya san cewa a tafiyar kimanin kilomita 1,000 ba abin mamaki ba ne taya ta yi faci. Gyaran facin kansa ba ya cin wani kuɗin a zo a gani. Abin da ke mayar da shi babbar asara shi ne shawarar da direba kan yanke cikin minti ɗaya, watau ya ce bari ya lallaɓa a haka har garin gaba inda akwai mai faci.

Domin a gane illar wannan shawara, wajibi ne a san cewa iskar da ke cikin taya ita ce ke ɗauke da nauyin mota da lodinta. Robar da wayoyin ƙarfen da ke cikinta aikinsu su riƙe iskar. Da zarar iska ta sace, gefen tayar kan lanƙwashe, ya shiga tsakanin wili da kwalta, kuma duk juyi ɗaya da tayar ta yi sai wilin ya niƙe shi. Wannan lanƙwasa da miƙewa na haifar da zafi mai tsanani, zafin kuma ya raba roba da wayoyin da aka ɗaure ta da su. Tafiya kaɗan ta isa ta gama da ita. Sau da yawa a waje tayar ba ta nuna komai, sai an ciro ta daga wili a tarar da garin roba baƙi ƙirin a cikinta. Tayar da ta kai wannan matsayi ba ta da sauran gyara, domin ramin ƙusa a tsakiyar zanen taya ana iya toshe shi, amma gefen da ya karye ba a facinsa.

Ke nan asarar farko ita ce tayar ɗungurungum, a maimakon kuɗin faci. Ta biyu ita ce wili, wanda kan lotse ko ya tsage idan ya fara taɓa kwalta, musamman na alminiyom da ke kan ƙananan motocin zamani. Daga nan ɓarnar kan haura sama. Tayar da ta fara yagewa tana dukan duk abin da ke kusa da ita, har da bututun birki da wayoyin lantarki, sa'annan jijjigar na taɓa boris da shokazoba. Bugu da ƙari, galibin takardun inshorar mota sun cire lalacewar taya ta hanyar faci ko fashewa daga cikin abin da kamfani zai biya, kuma da yawansu ba sa ɗaukar ƙarin ɓarnar da ta auku saboda an ci gaba da tuƙa mota bayan ta samu matsala. Mai mota shi kaɗai zai ɗauki nauyin.

Lamarin ya fi muni a manyan motoci masu tagwayen tayoyi a baya. Idan ta ciki ta sace, direba na iya yin tafiya mai nisa bai ji komai a sitiyari ba, alhali kuwa 'yar'uwarta ta waje tana ɗauke da nauyin tayoyi biyu ita kaɗai. Tana ɗaukar zafi har ta fashe, sai a wayi gari an rasa biyu a wuri ɗaya. Sacacciyar kuma, da yake tana goguwa, tana iya kama wuta, kuma wutar taya na da wuyar kashewa. Ga mai tankar man fetur ko mai lodin auduga, ba sai an yi dogon bayani ba. Shi ya sa tsofaffin direbobi ba sa wasa da al'adar sa yaron mota ya zagaya yana bubbuga tayoyi da ƙarfe a duk inda aka tsaya, ko da yake kunne ba ya maye gurbin ma'aunin iska.

Akwai kuma haɗarin da ke jiran mai faci. Wayoyin gefen tayar babbar mota da aka yi tafiya a kanta ba iska sun riga sun gaji. Idan aka sake hura mata iska, gefen na iya tsagewa gaba ɗaya da ƙarfin da zai iya kashe wanda ke tsaye kusa. Saboda haka ne ƙa'idar masu sana'ar taya ta ce duk tayar babbar mota da aka yi tafiya a kanta bayan iskarta ta ragu da kashi 20 cikin 100 ko fiye, a ɗauke ta tamkar sacacciya, a cire ta a duba cikinta kafin a mayar mata da iska.

Wannan adadi na nuna cewa matsalar ba ta tsaya ga tayar da ta kwanta ƙasa ba. Wadda ke zubar da iska a hankali ita ce ke kai mota ga fashewar taya ana cikin gudu. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa a Amurka bayan haɗurran da suka ci rayuka, kuma a sakamakon haka ne aka wajabta wa sababbin ƙananan motoci a can, tun daga 2007, na'urar da ke gargaɗin direba idan iskar taya ta ragu. A nan gida, fashewar taya ce ta kifar da motar Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris, 2016, inda ya rasu tare da matarsa da ɗansa.

Ta fuskar tattalin arziki, taya ta daɗe da zama kayan da farashinsu ke bin dala. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, daga nan kasuwar ta koma hannun masu shigo da kaya. Da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin taya ya yi tashin gwauron zabo. Tsadar ce ke tura masu mota ga tayoyin gwanjo, duk da cewa suna cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, in ban da manyan da ake kawowa domin a sabunta zanensu. Mai sayen gwanjo ba shi da hanyar sanin ko an taɓa tafiya a kanta a sace. Abin da zai iya karantawa shi ne lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefenta: 2319, alal misali, na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019.

To, me ya sa direba ke ci gaba da tafiya alhali ya san duk wannan? Wani lokaci tsoro ne, kuma tsoron na da hujja. Babu mai hankalin da zai ce a tsaya canjin taya da tsakar dare a dajin da aka san ana tare hanya. A irin wannan hali gara a sadaukar da taya da wili, a tafi a hankali ƙwarai har wurin da akwai jama'a. Amma sau da yawa dalilin daga gida ya taso. An sallami mota babu safaya, ko kuwa akwai ta amma ita ma babu iska, jak ya lalace, kuɗin hanya kuma an ƙididdige shi daidai da mai da abinci. Wani mai motar ma ya riga ya gargaɗi direba cewa duk tumatir ɗin da ya ruɓe saboda jinkiri daga aljihunsa za a cire. Direban da aka yi wa wannan sharaɗi zai zaɓi kashe tayar maigida a kan ya yi asarar ladansa, kuma a lissafinsa bai yi kuskure ba.

Gyaran yana hannun mai mota. A auna iskar kowace taya, har da safaya, da safe kafin mota ta motsa, domin taya mai zafi tana nuna iska fiye da yadda take, kuma a bi adadin da kamfanin motar ya rubuta. A ware kuɗin faci dabam da kuɗin mai, a kuma shaida wa direba a fili cewa jinkirin canjin taya ba laifinsa ba ne. Idan taya ta fashe ana gudu, direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ya danna birki da ƙarfi, ya sassauta totur a hankali har motar ta rage gudu, sa'annan ya gangara gefe ya kafa alamar gargaɗi. Ga masu ƙananan motoci, siririyar safayar nan ta wucin gadi ce, ba a wuce gudun kilomita 80 a sa'a da ita. Tayoyin da aka ƙera musamman domin tafiya ba iska su ma galibi iyakarsu kilomita 80 ne, a gudun da bai wuce 80 ba, kuma bayan nan yawanci canza su ake yi.